Da Sunan Ilu Muka Je Daura

Sai da ɗan kabu-kabu ya sauke mu a bakin kasuwar garin Babban Mutum, ya juya babur ɗinsa ya koma Nijar abinsa, sannan na gane wautar da muka tafka ni da Inna. Mun tsallako iyaka neman mutum, kuma a cikinmu babu mai iya faɗin sunansa. Inna uwar mijina ce, shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ranar da ya faranta mata rai ta ce "wancan yaron". Ni kuwa matarsa ce, a garinmu kuma macen da ta kama sunan mijinta gatsau, sai an shekara ana yi da ita a gidan biki. Lokacin ban iya rubutu ba balle in rubuta in miƙa, sai daga baya na shiga ajin manya. Yanzu ma da na iya, kuna gani dai ban rubuta shi ba.

Maigidana mai haƙar rijiya ne. Kowace shekara da an gama ɗaure gero, shi da amininsa Ilu sukan ɗauki diga da igiya da guga su shiga Najeriya ci-rani, sai hadari ya fara haɗuwa su dawo. Waya ɗaya gare su su biyu. A wannan shekarar, ana tsakiyar bazara, wayar ta daina shiga. Muna ta cewa caji ne, sai wani maƙwabcinmu da ya kai akuya kasuwa ya dawo da labarin da ya tsinta a rumfar mai shayi: rijiya ta rufta da ɗan Nijar a wani ƙauye wajen Baure. Su biyu ke aikin, ɗaya ya rasu har an binne shi, ɗayan hukuma ta tafi da shi. Wanne ya rasu? Bai tambaya ba. Farashin awaki kam ya zo mana da shi tsaf.

Liman ya ce babu macen da za ta shiga takaba a kan ji-ta-ji-ta. Haka ni da Rabi matar Ilu, da danga ɗaya ta raba gidajenmu, muka wayi gari kowace ba ta san ko matar mamaci ce ko matar ɗan kaso ba. Rabi ba ta daɗe da haihuwa ba, tana cikin wankan jego, ba inda za ta. Mazan gari kowa ya ce a ɗan jira ƙarin bayani, amma gaskiyar magana tsoro suke ji kada su je a haɗa da su. Inna ta ce ita tsohuwa ce, wanda ya kama ta ya ɗaukar wa kansa ciyarwa. Ta ɗaure zabinta biyu a kwando saboda kuɗin mota, ta ce in ɗauko mayafina.

Ranar da muka isa Babban Mutum ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna wayam sai awaki. Muka nemo mai shayin. Dattijo ne mai fara'a, ya ba mu benci, ya tambaye mu wa muke nema. Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙafarta. Bawan Allah ya yi ta jira har butarsa ta tafasa ta soma zuba. Da na ga zai ɗauke mu marasa hankali, sai na ce, "Ilu muke nema, mai haƙar rijiya." Inna ta yi ajiyar zuciya kamar an sauke mata tulu. Sunan Ilu ba shi da nauyi a bakin kowa cikinmu, kuma duk inda labarin Ilu yake, can labarin namu yake. Daga ranar shi muka riƙe.

Mai shayin bai san suna ba, amma ya san ƙauyen. Shi ya canza mana 'yan sefarmu, ya hana mu zuwa wurin masu canji, ya ce da sun ji harshenmu za su yanke mu. Ya kuma haɗa mu da wani mai amalanken shanu da zai bi ta can. Muka zauna bisa buhunan dusa, zabi na kuka a cinyar Inna, shanun na tafiya kamar su ma ba sa son su isa.

A ƙauyen an karɓe mu da mutunci, wannan kam ba zan hana su ba. Mai unguwa ya sa aka yi mana shimfiɗa a zaure, mata suka kawo ruwa da fura. Mai gidan da ya sa aikin ne kawai ya ƙi fitowa, aka ce ya yi tafiya, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Mai unguwa ya ce ya ji sunayensu, ya faɗi na Ilu, ya faɗi ɗayan. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ni ma kunnuwana suka ɗau zafi. Sai dai bai san wanne ne mai wane suna ba. Ba su daɗe da zuwa ba abin ya faru, kowa "mai rijiya" yake ce musu. Su kuma, Allah ya yi su kamar wa da ƙane: dogaye, baƙaƙe, sirara, tsagar gida ɗaya a kumatu. Ko a garinmu in suka taho daga nesa sai an jira sun matso.

Na tambaya wa ke cikin ramin. Aka ce ai karɓa-karɓa suke yi, ɗaya na haƙa a ƙasa, ɗaya na jan ƙasa a sama, in an yi azahar su sauya. Rijiyar kuwa dab da azahar ta rufta. Wata tsohuwa da ke dafa musu abinci ta ce ita ta sani, wanda ya rasu shi ne mai yawan waƙa. Ilu ne mai waƙa. Maigidana ko ranar aurenmu bai motsa baki ba. Zuciyata ta yi tsalle, nan take kuma kunya ta kama ni, don fuskar Rabi ce ta faɗo mini. Ban gama jin kunyar ba wani magidanci ya ce a'a, Gwaggo ta manta, mai waƙar shi ke sama da igiya, shi da kansa ya gani. Suka hau musu su biyu a kanmu kamar masu cinikin tunkiya. Na ji kamar in tashi in haɗa kawunansu.

Aka kai mu bakin maƙabarta, aka nuna mana kabarin daga nesa. Sabo ne, an jera masa ƙaya saboda dabbobi. Na ga Inna tana auna tsawonsa da ido. Ni ma abin da nake yi ke nan, kuma ba abin da ya gaya mana. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ba ta ce wa take yi wa ba. Mai unguwa ya ce 'yan sanda sun tafi da wanda ya ragu ne tare da mai gidan, don an ce baƙon ne ke riƙe da igiya. Mai gida danginsa sun karɓo shi, baƙo kuwa babu wanda ya bi bayansa. Ya ce mu je Baure.

A Baure ne aka yi mana wayo. Mun tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da ke kallon ofishin 'yan sanda, muna shawarar yadda ake shiga irin wurin nan, don mu a can gida ko jandarma ne ya wuce a kan hanya sai mu shige gida. Wani mutum ya taho, farar shadda, biro a aljihu, takardu a hammata. Ya gaishe da Inna har ƙasa, ya kira ta Hajiya. Da muka ce Ilu, ya ce ai ya san Ilu sarai, jiya ma shi ya kai masa ruwa. In Ilu ne a ciki, to na san wanda ke ƙarƙashin ƙayar nan. Mutumin ya ce ba a ganin oga hannu wofi, ya dubi kwandon. Inna ta miƙa masa zabin da hannu biyu. Ya ce mu jira shi, ya zaga ta bayan gini.

Muka jira har inuwar bishiyar ta bar mu ta koma wancan gefen. Ina ta kuka a cikin mayafi, Inna na jan carbi. Wajen la'asar wani ɗan sanda mai tumbi da ya daɗe yana ganinmu ta taga ya fito ya ce lafiya? Da muka ba shi labarin mai farar shadda, ya girgiza kai. Ya ce ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan zaman bakin titi ne, da mun ce Audu muke nema da Audun ya kai wa ruwa jiya. Ban taɓa jin daɗin an cuce ni ba sai ranar. Zabi sun tafi, amma mijina ya dawo cikin masu yiwuwar rai.

Ɗan sandan ya ce tabbas an tsare wani ɗan Nijar a kan maganar rijiya, amma an kai shi kotu, kotu ta tura shi gidan yarin Daura jiran shari'a, takardunsa sun bi shi. Ba shi ya karɓe shi ba, bai riƙe suna ba. Ya ce in faɗi sunan ɗayan ko zai tuna. Wallahi na yi niyya. Na buɗe baki, ga Inna kafaɗa da kafaɗa da ni, sai na mayar da shi na rufe. Ya kalle ni, ya kalli Inna, ya gane. Ya yi dariya ya ce, "Ai tawa matar ma haka take. Sai ranar da na ɓata mata rai take tuno sunana, har da na ubana." Shi ya tsayar mana da wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa, ya ce wa direba iyayensa ne mu, ya sauke mu Daura.

A bayan motar nan kewar gida ta kama ni. Hanya ce mai kyau, kwalta shimfiɗe, ba irin tamu ba, amma ni 'ya'yana nake tunani da na bari wurin mahaifiyata, ƙaramar ba ta cin tuwo sai na ɗanɗana mata. Gonakin iri ɗaya ne da namu, gawo da kuka da rumbuna, mutanen Hausa suke yi kamar mu, amma da na buɗe baki sai a ce, "'Yan Nijar ne." Ba da mugunta ake faɗa ba, sai dai duk lokacin da aka faɗa nakan ji na ƙara nisa. A Zango direba ya tsaya sallah, ya sayo mana rake. Inna ba ta da haƙoran rake. Na ɓare na yayyanka mata ƙanana da wuƙar direba, ta karɓa ba ta dube ni ba. A gida ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, ranar kuwa muka tauna rake muna fuskantar juna, warin albasa na sa mu hawaye, kowa ta sami abin fakewa.

Mun shiga Daura rana ta yi sanyi. Mu kaso muke cewa, sai da na ce gidan yari sannan aka nuna mana hanya. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe, gandirobobi zaune a bakinta. Ɗaya ya ce lokacin ziyara ya wuce, sai gobe da hantsi. Ba mu san kowa a garin ba. Inna ta nemi gindin katangar wani shago ta zauna, ta ce nan za ta kwana, ai wancan ma ba a katifa yake ba, in shi ne.

Wata mata ce mai suyar awara a tsallaken titi ta aiko mana da sallama, da ba mu motsa ba ta taso da kanta. Sunanta Ladi, gajera, mai murya kamar ta maza. Ɗanta na ciki a kan faɗan 'yan ƙwallo, shi ya sa ta dawo da kaskonta nan, tana sana'a tana jin motsinsa. Ba ta tambaye mu laifin namu ba. Ta ce a wannan titin ba a tambayar laifi, sai dai a tambayi ko an ci abinci. Ta kashe wuta, ta ɗora mini kasko a ka kamar ta haife ni, ta ce mu tafi.

Gidanta na cikin tsohon gari, lungu bayan lungu. A hanya ta nuna wani gini ta ce nan ne Kusugu, duk baƙon da ya zo Daura sai ya leƙa rijiyar ya sha ruwanta, in muna so gobe ta kai mu. Inna ta ce ta gode, ita dai rijiya ta ishe ta haka.

Ladi ce ta karantar da mu dokokin ƙofa. Ba a shiga da kwano na ƙarfe, ba cokali, abinci a leda ake ƙulla shi. Duk abin da ka kawo sai ka ci a gabansu kafin su karɓa. Kuma sunan da ka bayar shi za a shiga a kira, in ba a amsa ba ka koma gida. Na ba ta labarinmu tun daga farko. Ta riƙe haɓa ta ce ita ta ga masu zuwa ba abinci, ta ga masu zuwa ba kuɗin mota, amma masu zuwa ba suna yau ta fara gani. Ta ce in raɗa mata a kunne ita ta faɗa. Na ce to, sai gobe.

Da asuba na tashi na yi dambu a madafin Ladi, da tsakin masararta da zogalen gidanta. Maigidana yana son dambu da yaji har sai ya yi gumi. Na ɗebo barkono cike da hannu, sai na ji Inna a bayana ta ce in rage. Ilu yana da gyambon ciki, kowa ya sani. Ta ce, "Duk wanda ya fito ɗan wata ne, kuma da yunwa zai fito." Na mayar da rabi. Na ji haushinta a lokacin, don na ga kamar ta riga ta sallama.

A ƙofa mun tarar da layi, yawanci mata, kowace da ledarta. Wata gandiroba ta laluba mu, ta kwance ƙullin bakin zanen Inna ta sami goro, ta mayar mata. Aka ce in ci dambun. Na ɗiba na kai baki, na bi shi da ruwa. Sannan muka isa gaban wani gandiroba mai furfura a gemu, ya ce, "Wa kuka zo gani?"

Ladi ta matso da kunnenta kusa da bakina. Kafin in yi wani abu Inna ta riƙe mini hannu. Ba ta taɓa riƙe hannuna ba. Ta ce, "'Yar nan, faɗi wanda muka saba faɗa." Daga baya ta gaya mini dalilinta: in aka shiga aka yi ta kiran sunan wancan a tsakar gidan yari babu mai amsawa, ita ba za ta iya tsayuwa ta ji ba. Na ce, "Ilu. Ɗan Nijar, mai haƙar rijiya."

Akwai wani fursuna da aikinsa ke nan, shiga ciki ya kira suna. Muna tsaye a bakin wata taga mai raga, muna hango wani yanki na tsakar gidan. Muka ji muryarsa tana nisa: Ilu ɗan Nijar, kana da baƙi. A nan na gane abin da muka yi. Mun zo tun daga Nijar, mun ba da sunan mutum, kuma muna roƙon Allah kada ya amsa. Ilu da ke zuwa wa 'ya'yana da alewa duk shekara, Ilu da ya yi mana rufin ɗaki bai karɓi komai ba. Na san haka sarai, kuma ban fasa roƙon ba.

Ya kira, ya sake kira. Shiru. Gandiroban ya ce da alama babu mai wannan suna, mu matsa a ba na baya wuri. Numfashina ya fara dawowa. Sai mai kiran ya ɗaga murya daga ciki ya ce ga shi nan tafe.

Wani dogo ne ya ɓullo daga ƙarshen tsakar gidan, an aske masa kai, riga ta yi masa yawa, kansa a ƙasa. Rana na bayansa, idona kuma ya cika da ruwa, ban ga komai ba sai tsawo. Na ce shi ke nan, an kira Ilu, Ilu ya fito. Na juya in kama Inna kada ta faɗi, sai na ga ta saki hannuna, ta juya baya, ta fuskanci bango, tana gyara mayafi. Inna ba ta juya wa Ilu baya, da shi har wasa take yi tana ce masa mijinta. Mutum ɗaya ne a duniya ba ta yarda a gan ta tana kallo. A bayan Inna na gane mijina yana da rai.

Bai gan mu ba tukuna. Gandiroban ya ce, "Kai ne Ilu?"

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ilu ya rasu. Na ji an kira shi ne, na san mutanensa ne suka zo. Na ce gara su ji daga bakina."

Sannan ya ɗago kai. Ya dube ni, ya dubi bayan Inna, ya dafa ragar da hannu biyu. Faratansa duk sun fita, sababbi sun fara tsirowa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa wa bango.

Lokacin da ake bayarwa kaɗan ne, a gurguje ya gaya mini. Azahar ta yi, shi ya kamata ya sauka, amma Ilu ya ce ya fara jin danshi a ƙasa, a bar shi ya kai ga ruwan da hannunsa. Yashi ne a ƙarƙashin laka, ba su sani ba. Igiya na hannunsa ya ji ta yi nauyi, sannan ta daina motsi. Da hannu ya yi ta tono har mutane suka janye shi. Da 'yan sanda suka tambaye shi danginsa ya ce ba shi da kowa, don bai san da wace fuska zai aika gida a ce ya fita da Ilu ya bar shi a rami ba. Na ce masa lallai ya kyauta, mu da muke zaune ba mu san ko mu yi kuka ko mu dafa tuwo ba, mu ne ba kowa. Faɗa nake yi masa, ina dariya, ina share hanci.

Ya ce, "Rabi fa? Ta sauka?"

Na ce ta sauka, namiji. Ya kifa goshinsa a kan ragar, kafaɗunsa suka hau rawa.

Inna ta ce da ni, fuskarta na bango, "Ki ce masa ya ci abincin nan tun da ɗuminsa." Yana jinta, tsakaninsu bai fi taku biyu ba, amma na juya na faɗa masa. Ta ce, "Ki ce masa namiji ba ya kuka a gaban mutane." Na faɗa masa wannan ma, ko da yake gefen mayafinta ya jiƙe sharkaf. Gandiroban mai furfura ya kasa haƙuri ya ce, "Baba, ba ɗanki ba ne? Ki juyo ki gan shi mana, lokaci na tafiya."

Ta ce, "Na gan shi."

Aka buga ƙarfe, aka tafi da shi da ledar dambu a hannu. Sai da muka fito titi Inna ta zauna a ƙasa kusa da kaskon Ladi, ta ce a ba ta ruwa. Ladi ba ta tsaya nan ba. Ta kai mu wurin wanta, wani mai ɗinkin hula da ke da gida nasa na kansa a cikin gari, ta tsaya a kansa har ya yarda zai tsaya wa baƙon da bai taɓa gani ba. Abin ya ɗauki lokaci, sai da damina ta sauka aka sako maigidana, da mai unguwar ƙauyen nan ya zo ya ba da shaida cewa ƙaddara ce. Mu dai ba mu jira wannan ba, washegari muka kamo hanyar gida, don akwai mai jiranmu.

Tun daga Daura har Babban Mutum ina shirya maganar da zan yi wa Rabi. In fara da ƙaddara, in ce an yi masa sutura mai kyau, mutane da yawa sun sallace shi, na ga kabarin da idona. Ina kuma ta faman gyara fuskata, don farin ciki abu ne mai taurin kai, ka danne shi nan ya ɓullo can. Da muka iso bakin gari da la'asar, Inna ta ce ita za ta wurin liman da 'yan'uwan Ilu maza. Ta ce ni in wuce wurin ƙawata kai tsaye, kada ta ji a bakin yara.

Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, jariri a cinya, tukunyar ruwan wanka na kan wuta. Ba ta bari mun gama gaisuwa ba.

Ta ce, "Kun same shi?"

Na ce mun samu.

"Wane ne?"

Duk abin da na shirya ya watse. Tambaya ce mai amsa ɗaya, suna kawai take so, kuma sunan ba wanda bakina ke iya faɗa ba ne. Da Ilu ne, da tun daga bakin danga na ƙwala mata shi. Ta san haka, ni ma na sani. Ta zuba wa bakina ido tana jira, ni kuma na tsaya da shi a rufe.

Can ta ce, "Allah ya fito miki da shi lafiya."

Ta miƙo mini jaririn, ta kai hannu ta fara cire 'yan kunnenta. Ɗaya ya fita, ɗayan ya maƙale, ta kasa. Ta juyo mini da kunnen, ni na cire mata.